Yadda Ƙashin Wuya Ya Kusa Raba Ni Da Aska

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. A Azare aka haife ni, a nan na gaji zabirar mahaifina da gidajen da yake yi wa aski. Abin da zan ba da labarinsa ya same ni a ƙarshen shekarun 1980, ina da shekara arba'in da 'yan kai, lokacin da nake ganin babu ciwon da zai shiga jikin ɗan Adam ban san hanyarsa ba. Ina ba da shi ne saboda masu sana'ar sunkuyo irina, teloli da masu ɗinkin hula da dukawa, kada wani ya ɓata watanni yana jinyar wurin da bai yi laifin komai ba.

Wanda bai san sana'armu ba sai na ɗan yi masa bayani. Kowane wanzami yana da gidajensa. In an haihu a gida, kai za a aika wa ranar suna ka aske wa jariri gashin da ya zo da shi duniya. Kai ne mai kaciyar yaran gidan, kai ne mai ƙahon tsofaffinsa. Ba a sayen wannan matsayi, ba a sayar da shi, amma ana rasa shi. In hannunka ya yi rawa sau ɗaya a kan jariri, mata ba za su yi maka faɗa ba, sai dai haihuwa ta gaba ka ji an yi suna ba a neme ka ba. Cikin gidajena babu wanda nake ji da shi kamar gidan Alhaji Manu mai fata. Kakana ne ya yi wa Alhaji askin suna, mahaifina ya yi wa 'ya'yansa, ni kuma na fara a kan jikoki.

Ciwon ya faro daga kafaɗar dama. Na ce nauyin zabira ne, na mayar da ita hagu. Bayan mako biyu zugin ya gangaro ta damtse zuwa gwiwar hannu. Wani lokacin ya soke ni a ƙarƙashin allon kafaɗa, wani lokacin a ƙirji. Wuyana kuwa, in ban da ɗan sagewar safe da na daɗe da sabawa da ita, bai taɓa damuna ba. Da a lokacin wani ya nuna mini wuya ya ce nan ɓarnar take, da na yi masa dariya har da riƙe ciki.

Wata ranar kasuwa a Bulkachuwa ina yi wa wani Bafillace aski a gindin tsamiya, sai na ga jini yana bin bayan kunnensa. Yanka ba baƙon abu ba ne a wurin wanzami. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ban ji askar ta shiga ba, da ido na gani. Babban yatsana da manuni, su biyun da ke riƙe aska, sun yi nauyi kamar an naɗe su da tsumma. Maimakon in ba bawan Allah haƙuri, sai na ce masa shi ya motsa. Ya kuwa ba ni haƙuri. Har yau in na tuna wannan haƙuri nasa sai kunya ta kama ni.

Na ɓoye. Wanzami ya ce kansa na ciwo, ba komai. Ya ce cikinsa, ba komai. Amma ya ce hannunsa ya mutu, ya rufe kasuwarsa da bakinsa ke nan. Sai dai ba a ɓoye wa Yagana abu. Yagana matata ce, iyayenta mutanen Borno ne da suka zauna a Azare tun tana goye, mace ce mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta lura ina ɗaukar kwanon koko mai zafi ban hura hannu ba, ta lura carbi yana suɓuce mini. Wata safiya ina zaune ina zuba mata labarin kasuwa, tana ɗinke mini aljihun riga, sai ta kamo hannuna kamar za ta duba farce. Na ci gaba da surutuna. Can na duba, sai na ga tsinin allura a cikin babban yatsana.

Ta ce, “Malam, tun yaushe?”

Na ce mako uku. Ta ce biyar, tana ƙirge.

Wurin Baffa Haruna muka fara zuwa, ƙanin mahaifina, babban wanzamin zuriyarmu. A sana'armu ƙa'ida ɗaya ce: inda mutum ya nuna yana masa ciwo, nan ake kafa ƙaho. Haka aka koya mini, haka na yi wa mutane shekara ashirin da biyar. Baffa ya jera mini ƙaho bakwai daga kafaɗa har wuyan hannu, ya yi tsaga, ya zuƙo. Jini ya fito baƙi wuluk, muka dube shi mu biyu muna gyaɗa kai, kowa ya gamsu an kama ɓarawo. Kwana biyu na ji dama-dama, na uku ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Muka sake, muka kuma sakewa, har hannuna ya cika da tabo.

Daga nan shawara ta fara zuwa ta kowace kusurwa, duk da kafaɗa kawai na ce wa mutane. Wannan ya ce sanyi ne, ya kawo saiwa a jiƙa. Surukata ta aiko da man shafawa mai warin da ya kori kajin gidan daga ƙofar ɗaki. Wata maƙwabciya ta rantse wani abokin sana'a ne ya yi mini jifa, har ta so ta faɗi sunansa. Wanda ya fi tsorata ni wani abokina ne da ya ce haka shanyewar ɓarin jiki ta fara wa yayansa. Duk na sha, duk na shafa, ban raina ko ɗaya ba, kuma na gode musu, don babu wanda ya kawo da mugun nufi. Da Baffa ya ce saura sakiya, a gasa ƙarfe a huda kafaɗar, Yagana ta ce a yi mata arziki a gwada asibiti tukuna.

Zuwana asibiti na farko ni na ɓata shi da kaina. Na yanki kati, na zauna a benci tun hantsi har azahar. Layin nan kuwa kusan rabinsa kawunan da nake askewa ne, kowa sai “Wanzam, kai ma?” Da aka kira ni, ƙofar likita a buɗe take saboda zafi, na bayana yana jin duk abin da zan faɗa. Sai na ce ƙirji da kafaɗa, na haɗiye maganar yatsu. Aka auna jinina, aka saurari zuciya, aka ce lafiya lau, aka rubuta mini ƙwayoyin rage zugi. Na dawo gida ina cewa asibiti ba su san komai ba, alhali rabin labari na ba su.

A wannan tsakanin Idi, ɗan Baffa, shi yake zuwa mini ayyukan suna da kaciya. Idi sa'ana ne, hannunsa yana da kyau, ga fara'a, kuma wannan fara'ar ce take ci mini rai. Gida biyu sun riga sun fara aika masa kai tsaye. Ana cikin haka Yagana ta dawo daga wani barka ta ce matar ƙaramin ɗan Alhaji Manu cikinta ya kai wata shida. Abinci bai shiga ba ranar. Saura wata uku a kira wanzami gidan da kakana ya buɗe mana, ni kuwa ko maɓallin riga ba na iya sakawa da hannun dama.

Zuwana asibiti na biyu Yagana ta bi ni. Da aka kira sunana ta shige gabana, ta ja ƙofar likita ta rufe da hannunta, ta tsaya ta zayyana masa komai har da allura. Likitan saurayi ne, a raina na ce wannan ko gemun kirki bai tara ba. Ya tambaye ni waɗanne yatsu ne. Na nuna. Ya dubi tabon ƙahon da ke hannuna. Sai ya zagayo bayana, ya ɗora tafinsa a kaina, ya karkatar da shi dama, ya ɗan danna. Wata wuta ta taso daga wuyana ta bi kafaɗa da damtse ta fita ta babban yatsa, ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Ya kuma sa hannu a ƙarƙashin haɓata da ƙeyata ya ɗaga kan sama a hankali. Zugin da na yi wata huɗu da shi ya lafa, tamkar an sauke mini kaya.

Ya ce, “Wanzam, hannunka lafiyarsa ƙalau. A hannu kake jin ciwon, amma gidansa yana wuya.”

Aka yi mini hoto. Ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini ƙasusuwan wuyana a jere, biyu daga ciki sun matso juna, abin da ke tsakaninsu ya lotse. Ya ce jijiyoyin da ke kai ji da ƙarfi ga hannu duk daga ƙashin baya suke fitowa, ta tsakanin waɗannan gaɓoɓi. Ya tambaye ni ko na san lambu. In aka toshe hanyar ruwa daga sama, fangalin da ke can ƙarshe ne zai bushe, mai lambu kuwa in bai da wayo sai ya yi ta tonon fangalin. Ya ce da a ƙugu abin ya faru, ƙafa ce za ta yi ta zugi har tafin sawu, kuma yana ganin masu zuwa da ciwon kai ko na ƙirji alhali wuya ne. Ya tambaya ko na taɓa faɗuwa. Na tuna wata shekara yashi ya kayar da ni a keke a hanyar Gadau, na faɗi ta ka, na tashi na karkaɗe riga na wuce. Ya ce wannan, da shekarun da na yi a sunkuye kan kawunan mutane, su suka haɗu.

Bai yi mini alkawari ba, wannan na yaba masa. Ya ce jin yana iya dawowa duka, yana iya dawowa rabi. Ya kuma ja kunnen Yagana cewa in ta ga ƙafafuna sun fara sanyi, ko fitsari ya fara kufce mini, kada a tsaya jiƙa komai, a kawo ni a tura ni Kano wurin likitocin ƙashi. Sannan ya jero dokoki: babu aski wata biyu, babu keke, babu rataya zabira, babu tudun matashi. Ya sa aka ɗaura mini wani farin abu mai tauri a wuya, ya tura ni sashen gashin ƙashi sau uku a mako.

Wannan abin wuya ya ba 'yan unguwa abin yi. Masu shayi suka ce Wanzam ya samu aikin gwamnati har ya fara sa kwala. In za a gaishe ni daga gefe sai na juyo da jikina gaba ɗaya, mutane su yi ta dariya. Na ji haushi kwana biyu, daga baya na gane rufin asiri ne. Kowa ya tsaya a kan wuya, babu wanda ya sake duban hannu.

Mai gashin sunansa Malam Yakubu, Kirista ne daga kudancin Bauchi, mutum mai barkwanci. Yakan gasa mini wuya da wata fitila mai ja, sannan ya zaunar da ni a kujera, ya sa mini majanyi a haɓa da ƙeya, ya zarga igiya ta sama ya rataya jakar yashi, kan ya ɗago. Ranar farko ya ce mini, “Ni da kai ai abokan aiki ne, Wanzam. Kai kana tsotse su, ni ina rataye su.” Layin wurinsa ma ba ƙarami ba ne, in babu wuta kuma sai a haƙura da fitila a yi rataya kawai. Hidimar ta ci kekena, tunda dama an hana ni hawansa, ta ci akuyar Yagana guda. Taliyar da take murzawa ita ta riƙe gidan har na tashi.

A gida ita ce likita. Safe da yamma ta tafasa ruwa ta gasa mini wuya da tawul. Ta ɗauke matashina ta naɗe zane ta sa mini a madadinsa. Kullum bayan karin kumallo sai ta ce in rufe ido, ta sa mini ƙwaya tsakanin yatsun nan biyu, in faɗa mata gero ne ko dawa. Makon farko ko akwai abu a wurin ban sani ba. Mako na uku zugin ya janye daga wuyan hannu ya koma gwiwa, daga gwiwa ya koma kafaɗa, wuyan kuma ya fara ciwo sosai. Na je wa Malam Yakubu da ƙorafi, ya ce albishir na kawo masa, ciwo yana komawa gida ne. Mako na biyar manuni ya fara bambance dawa. Babban yatsa ya ƙi.

A mako na shida na yi wauta. Yagana ta tafi unguwa, maƙwabcina ya leƙo da gashi buzu-buzu, na ce zo in rage maka. Na cire abin wuya na sunkuya kamar yadda na saba. Kafin la'asar wutar ta dawo har yatsa. Yagana ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ɗauki zabirata ta sa a akwatinta ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zane. Na yi fushi, na ce zabirar ubana ce. Ta ce ta sani, shi ya sa take tsare mini ita. Kwana goma wannan wauta ta mayar da ni baya.

Malam Yakubu ne ya ce tunda ba zan iya barin sana'a ba, sai in daina sauka wurin aiki, aikin ya hau zuwa wurina. Wanda za a aske ya zauna sama, ni in zauna yadda kansa zai zo daidai idona. Da wata biyu suka cika likita ya yarda in gwada, Baffa Haruna da kansa ya zo da askarsa, tunda tawa tana kulle, ya cire hula ya ce a fara da shi. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, don abin da aka koya masa ya yi. Amma dattijo ya miƙa kansa ga hannun da ya san ba ya ji sosai, wannan ya ishe ni. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mana ƙaho yana cewa yatsunsa sun mutu ko ƙafarsa tana jan wuta, sai mun tambaye shi wuyansa da bayansa, mu ce ya je a yi masa hoto. Kaciya kuwa na bar wa Idi ita har abada, kuma ban yi nadama ba.

Aka haihu gidan Alhaji Manu, namiji. Saura kwana uku suna na je na same shi a zaure na faɗa masa gaskiya duka, cewa ba wuya kaɗai ba ne, babban yatsana har yanzu rabi-rabi yake. Ya ja carbi, sannan ya ce, “Wanzam, kai ka san hannunka. In ka zo da aska na yarda, in ka turo Idi na yarda. Sai dai ka sani, ba ni nake kiran wanzami ba, mata ne.”

Yagana ta buɗe akwati da sharaɗi. Idi zai bi ni. Kafin in taɓa aska zan ɗora babban yatsan a maɗigar yaron, wurin nan mai laushi a tsakiyar kan jariri inda ƙashi bai haɗe ba, inda ake jin bugawa. Nan ne wanzami ya fi tsoro, kuma da yatsa ake sanin iyakarsa, ba da ido ba. In na ji bugun, in yi aski. In ban ji ba, in miƙa wa Idi a gaban kowa. Na yi mata alkawari, na kuma san in na miƙa, gidan ya tafi ke nan.

Da hantsi bayan an raɗa suna muka shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida. Goggo Asabe, yayar Alhaji, ita ke riƙe jariran gidan in za a yi aski, ta riga ta miƙe ƙafa a tabarma da yaron a cinya. Na roƙi a kife turmi ta hau ta zauna, ni in zauna a ƙasa. Aka yi ta kallon juna. Goggo ta ce rabonta da zama kan turmi tun wankan aurenta, in dai ba wani mijin na samo mata ba. Gida ya kwashe da dariya, aka kama ta ta hau, aka miƙa mata yaron. Kansa ya zo daidai fuskata.

Na yi bisimilla, na jiƙa gashin da ruwan ɗumi, na ɗora yatsan. Ban ji komai ba. Idi yana tsugune a gefena, ya kau da kai don kada ya ga fuskata. Na ɗan gusar da yatsan, na kwantar da gefensa maimakon tsininsa, na rufe ido. Sai ga shi can ƙasa-ƙasa, ɗis, ɗis, ɗis. Na tsaya na ƙirga har goma don kada in ruɗi kaina. Wani daɗi ya cika mini ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka fara ba ni aska, idona ya kawo ruwa.

Goggo ta leƙo daga saman turminta ta ce, “Wanzam, barci kake ko addu'a?”

Na ce, “Godiya nake, Goggo. Riƙe shi da kyau.”

Na miƙa hannu, Idi ya sa mini askar a ciki.